Faci biyu da ƙofar mako biyu

A ofishinmu da ke Yamai kwamfutoci goma sha huɗu ne ke ɗaukar fayiloli daga uwar garke guda ta hanyar NFS, tsarin raba fayiloli da kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984. Da sanyi lafiya lau muke. Amma da zarar bazara ta kama, kuran sai ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, uwar garken ta mutu ta tashi. Ƙa'idar NFSv4, zubi na huɗu na NFS, ta tanadi wannan: idan uwar garke ta farfaɗo takan ba da ɗan jinkiri, daƙiƙa 90 in ba a sauya ba, don kowace kwamfuta ta sake kama fayilolin da take riƙe da su. To amma in wutar ta sake ɗaukewa ana cikin wannan jinkiri, wasu kwamfutocinmu sai su sandare, sai an kashe an kunna.

Mako uku na yi ina bin sawun matsalar cikin ƙwayar Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinmu, bayan isha'i, abokai na fada suna shan shayi ni ina gefe da kwamfuta a cinya. Na rubuta faci biyu, wato sauye-sauye ga rubutun manhajar. Ɗaya ƴan layuka ne da ke toshe ɓarakar. Ɗayan sabon zaɓi ne da zai bar mai kula da na'urori ya ƙayyade sau nawa kwamfuta za ta sake gwadawa kafin ta haƙura.

Na san Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, yana fitar da sabon zubin ƙwayar kowane mako tara ko goma, galibi ranar Lahadi, sannan ya buɗe ƙofar karɓar sabbin abubuwa ta mako biyu. Sai na ɗauka ƙofar tawa ce. Na riƙe facina wata guda cur ina jiranta, ranar Litinin ɗin da ta buɗe na haɗe su wuri guda na aika. Kwana goma shiru. Daga baya amsa ta zo a taƙaice, cikin mutunci: in raba su biyu, sabon zaɓin kuma ya jira zagaye na gaba.

Abin ya yi mini ciwo, amma laifin nawa ne. Waɗannan makonni biyu na masu kula da sassa ne, lokacin da suke miƙa wa Torvalds abin da suka riga suka tara, suka duba, ya kwana a rumbun gwaji na linux-next inda ake haɗa aikin kowa a ga ko zai yi karo da na wani. Ni kuwa na zo fafe gora ranar tafiya. Da ƙofar ta rufe sai rc1, zubin gwaji na farko, ya fito, daga nan kowane mako ɗaya, har rc7, wani lokaci rc8, kuma gyaran kurakurai kawai ake karɓa a tsakanin. Ashe ƙaramin facin nawa ba ya buƙatar jiran kowace ƙofa. Ni na ɗaure shi da babban, na sa ya yi asarar wata guda.

Sai na samo kalanda na manna a bango, na ja layi ƙarƙashin kowace Lahadi. Gyaran na fara aikawa shi kaɗai. Ana son a sa masa layin Fixes, wato a nuna ainihin sauyin da ya shigo da kuskuren, kuma nan ne na sha wuya. Da manhajar git bisect ake nema: ka gina ƙwayar, ka gwada, ka ce mai kyau ce ko maras kyau, ya raba sauran sauye-sauyen da ake zargi biyu. Kowane gwaji sai na zare wayar uwar garken gwaji da hannuna, in mayar, in sake zarewa ina kallon agogo. Sau biyu kuran ya ɗauke ana tsakar gini, fanka ta tsaya, gumi na ɗiga a kan madannai.

Alhaji, mai ofishin, ya tsaya a kaina wata rana ya ce, “Ɗana, tunda ka gano maganin, me ake jira kuma?” Na ce, “Alhaji, namu na nan na riga na sa musu. Amma Debian 12, wani nau'in Linux, muke amfani da shi, mai ƙwaya 6.1, kuma ba a mayar da gyara cikin tsofaffin zubi sai ya fara shiga babban reshe. In bai shiga can ba, duk sabuntawar da ta zo sai na sake liƙa shi da hannu.” Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya taimaka.

Sabon zaɓin kuwa na aika shi mako guda bayan rc1, don a sami sararin dubawa da mayar da martani tun kafin rc6, lokacin da masu kula da sassa ke fara ɗaure kayansu. An dawo mini da shi sau biyu, na farko kan sunan zaɓin, na biyu da tambayar ko ana ma buƙatarsa tunda gyaran ya wadatar. Tambayar tana da nauyi, ban kuma gama ba ta amsa ba. Lahadin nan rc4 zai fito, ina da mako biyu ke nan in kawo hujja daga na'urorinmu ko in janye shi.