Gero da Dawa sun raba ɗaki

Asabar, 8 ga Fabrairu, Mancesta

Wari ne ya fara sanar da ni akwai matsala. Na idar da sallar asuba ke nan na sauko zan ɗora ruwan shayi, sai na ji falon ya gume da ɗoyi kamar mushe ya kwana a kwata. Na kunna fitila na leƙa akwatin gilashin da macizanmu biyu ke ciki. Ga ɓera nan yashe a gefen kwanon ruwa, rabinsa ya narke, gashin ya manne da wani farin yauƙi. Ranar Laraba aka haɗiye shi, yau an dawo mana da kayanmu. Su kuwa masu aikin suna can ƙarƙashin ɓawon icen da ke ɓangaren ɗumi, sun nannaɗe da juna kamar ba su san da zancen ba.

To, wa ya yi aman, Gero ko Dawa? Na fi minti goma a tsugune ina kallon cikinsu ko zan ga wanda ya saɓule. Ban gane komai ba. Wata bakwai ke nan ina kwashe kashi a akwatin nan, sai yau na lura ban taɓa sanin na wane ne nake kwashewa ba.

Macizan ɗana ne. Maƙwabcinmu Bature ya bar mana su bara da zai koma Sikotland, da akwatinsu da fitilarsu da jakar daskararrun ɓeraye, wadda har yau uwargida ba ta yafe min zamanta a firizarta ba, duk da na ware mata aljihu guda da roba mai murfi. Ya ce duka maza ne, uwa ɗaya uba ɗaya, an ƙyanƙyashe su a 2022, kuma tun suna kamar fensir suke tare. Irin da ake kira macijin masara ne, asalinsu kudu maso gabashin Amurka, wajen su Fulorida da Jojiya da Karolina. Ba su da dafi, matse ɓera suke yi su haɗiye. An ce sunan ya samo asali daga yawan ganinsu a rumbunan masara inda suke farautar ɓera, wasu kuma sun ce daga zanen cikinsu ne mai kama da zangarniyar masara mai launi-launi. Yara da suka ji haka sai suka raɗa musu sunan hatsi.

Ni mutumin Gombe ne. Na tashi ina jin labarin waɗanda kububuwa ta sara a gona aka garzaya da su Kaltungo, ba a banza ake ce mata gobe da nisa ba. Sai da na yi wata biyu kafin in iya taɓa ko da jelar ɗaya daga cikinsu. Amma da na saba, abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne ganinsu biyu. A raina nakan ce gara haka, a ƙasar da maƙwabci ke mutuwa a ɗaki ba a sani ba sai wari ya fito, ko maciji ma ya samu abokin zama. Har hotonsu nake ɗauka suna kwance ɗaya kan ɗaya ina turawa zauren 'yan uwa a WhatsApp, ina rubuta "zumunci".

Yaron ya sauko wajen ƙarfe bakwai, ya gani, idonsa ya cika da hawaye.

"Abba, mutuwa zai yi?"

Na ce je ka ɗauko sikelin Mamanka, amma a hankali kada ta ji. Muka sa kowanne a cikin tsohuwar rigar matashi muka ɗora. Gero giram 410. Dawa 240. Na sake aunawa don ban yarda ba, haka ya sake fitowa. Kullum ina ganin Dawa ya fi siranta, amma na ɗauka halitta ce, kamar yadda a gida ɗaya ake samun dogo da gajere. Kwanan haihuwa ɗaya, abinci iri ɗaya, rana ɗaya, a ce tazara ta kusa ninki?

Ba kowane likitan dabbobi ne ke duba maciji ba. Sai a waya ta uku na samu wadda ta ce in kawo su ƙarfe sha ɗaya da rabi. Muka cika kwalbar ruwan zafi muka naɗe da tawul muka sa a kwalin, saboda sanyin yau ya kai a ce masa sanyi, gilashin mota sai da na kankare shi.

Likitar ba ta yi min faɗa ba, shi ya sa ma abin ya fi shiga jikina. Ta fara da tambayar maɓoya nawa ne a akwatin. Na ce biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi. Na ciro waya na nuna mata hoton zumuncin nan, da ɗan alfaharina. Ta ƙara girman hoton da yatsu ta ce in duba wanda ke ƙasa, daidai kan tabarmar ɗumi, da wanda aka tura gefe. Na koma hotunan baya ɗaya bayan ɗaya. Kusan duka Gero ne ya mamaye wurin, wani lokacin ma ya danne Dawa da nauyinsa.

Ta ce maciji ba ya samar wa kansa zafin jiki kamar mu, daga waje yake ɗauka, kuma da zafin nan yake narkar da abinci. Ɓangaren ɗumi ya kamata ya tsaya wajen digiri 28 zuwa 30, na sanyi kuma ashirin da 'yan kai. In wurin da ya fi daɗi guda ɗaya ne tak, dole su taru a kai, mai ƙarfi ya samu tsakiya. Wanda bai samu ɗumi sosai ba bayan ya haɗiyi ɓera, ɓeran zai fara ruɓa a cikinsa kafin ya narke, sai ya amayo shi. Ashe abin da nake ta yi wa kirari wawason murhu ne a lokacin hunturu, ba na jin hayaniyarsa ne kawai don su ba su da baki.

Yaron bai yarda nan take ba. Ya ce ai ya ga bidiyon macizai dubbai a rami ɗaya a Kanada. Ta yi murmushi ta ce gaskiyarsa, a Manitoba ne, amma wani jinsi ne daban, waɗanda ke taruwa a kogunan dutse su ƙetare hunturu. Macijin masara a daji shi kaɗai yake yawonsa, ba ya neman ɗan uwansa sai lokacin barbara. Uwar ma in ta saka ƙwanta a cikin ruɓaɓɓen kututture tafiyarta take yi, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito kowa ya kama gabansa. Ta ƙara da cewa akwai masu haɗa manyan mata biyu masu girma ɗaya a babban akwati mai maɓoya da yawa, kuma a zauna shekaru lafiya. Sai dai ita ba ta ga ribar da macijin ke samu ba, mai shi ne ke samun sauƙin wuri da kuɗin wuta. Haɗarin kuwa macijin ke ɗauka. In ɗaya ya kamu da ƙananan kaska ko cutar ciki, ɗayan ma ya kamu. In suka cafki ɓera ɗaya ta kai da jela, wanda ya fi sauri zai iya ci gaba da haɗiya har ya haɗa da ɗan uwansa, musamman in ƙanana ne. Nan na yi shiru, don na tuna ranar da na ba su abinci da hantsaki biyu a lokaci ɗaya, Gero ya gama nasa ya juyo yana bin warin da ke bakin Dawa. A lokacin dariya ma muka yi.

Sannan ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai santsin kai, ta shafa masa mai, ta zura a hankali ƙarƙashin jelar kowanne. A Gero ya shige da nisa. A Dawa da ƙyar ya shiga ya tsaya.

"Wannan mace ce," in ji ta.

Na ce inna lillahi. Ta ce mun yi sa'a da muka zo yanzu, don da zarar sanyi ya fara ja baya lokacin barbararsu ya kama. Masu kiwo ba sa barin mace ta ɗauki ƙwai sai ta kai shekara uku, tsawon ƙafa uku, nauyi giram 300. Mace ƙarama ramammiya kamar wannan, ƙwan na iya maƙale mata a ciki, daga nan sai tiyata ko asara. Ko da komai ya tafi daidai, tana iya zuba ƙwai goma zuwa talatin. Na hango kaina da jariran macizai ashirin a gidan haya, na hango fuskar uwargida.

Ta shafa cikin Dawa, ta ce ba ta ji alamar ƙwai ba. Ta ba ni ƙaramar kwalba in kawo sabon kashinta a gwada, saboda akwai wata ƙwayar cuta da suke kira kirifto wadda ita ma amai da rama take kawowa, kuma ba ta da tabbataccen magani. Kada a ba ta komai sai bayan sati biyu, sannan a fara da ƙaramin ɓera. A bakin ƙofa ta ce min ko dokar kula da dabbobi ta ƙasar nan, ta 2006, cikin haƙƙoƙi biyar da ta ɗora wa mai dabba akwai haɗa ta da 'yan uwanta ko raba ta da su, gwargwadon abin da jinsinta ke buƙata. Ni rabin farko kawai kaina ya taɓa kawowa.

Sauran yinin a hanya ya ƙare. Na samu akwatin hannu a Facebook, ƙafa huɗu a tsaye, wajen wani mutum a Bolton. Sai da muka kwantar da kujerun baya, yaron ya zauna a gaba riƙe da gilasan ƙofar a cinya. Muka biya shago muka sayi tabarmar ɗumi da ma'aunin zafi da maɓoya biyu. Tsakanin likita da kayan nan, abin da na ware don tayar mota ya tafi.

Uwargida na tsaye a ƙofar kicin muna ta kiciniyar shigo da shi.

"Abban yara, wannan kuma ina za a ajiye shi?"

Na ce ƙarƙashin taga, inda teburin guga yake. Ta ce wato teburinta ne zai yi hijira saboda maciji. Da yaron ya gaya mata Dawa mace ce, kuma yayanta ne ke shirin aurenta, sai ta tafa hannu ta ce a'uzu billahi, a raba su yanzun nan. Ita da kanta ta kawo ruwan zafi da tsumma muka wanke akwatin sau biyu, muka shimfiɗa farar takardar goge hannu maimakon ɓuntun katako, don duk abin da ya fito daga jikin Dawa a gan shi a sarari.

Bayan magariba Hajiya ta kira daga gida. Na gaishe ta, ta tambayi jikoki, ta ce ta ji muryata a gajiye. Na yi kuskuren ba ta labari.

"Kai yanzu igiyar ƙasa ka yi wa ɗaki na biyu?" Da dare ba ta kiran sunansa. "Mu nan ana neman sanda, kai kana neman likita."

Na ce Hajiya, waɗannan ba sa sara. Ta ce haka kowane gardi ke faɗa. Ta sa na yi alkawarin auta ba za ta riƙa taɓa su ba tare da wanke hannu ba, wanda dama likitar ta ja kunnenmu a kai saboda ƙwayoyin cutar gudawa da ke jikin irin waɗannan dabbobi.

Wajen ƙarfe takwas zafin ya tsaya a 29, muka saka Dawa. Ta daɗe tana zagaye, harshe na fita yana komawa, ta bi kowace kusurwa, ta miƙe ta jingina da gilashi kamar mai auna tsayin ɗakin. Daga nan ta shige maɓoyar ɗumi ta naɗe a tsakiya, kai kawai a waje. Gero a nasa akwatin bai nuna ya san an rage mutum ba. Yaron ya tsaya yana jiran ya ga ya neme ta, har ya gaji ya ce, "Abba, ko juyowa bai yi ba." Ya ɗauko biro ya zagaye 22 ga wata a kalandar kicin, ya rubuta "Dawa, ƙaramin ɓera", ya manna takarda a jikin kowane akwati don rubuta nauyi da ranar saɓa.

Kwalbar likita tana kan taga tana jiran Dawa ta yi abin da za ta yi. Na'urar daidaita zafin da ta zo da akwatin tsohuwa ce, ban gama yarda da ita ba, don haka na sa ƙararrawa ƙarfe biyu in sauko in duba.