Yadda NULL ya cinye mini sunayen ɗalibai

Wata makarantar firamare da nake kula wa da rumbun bayanai ta nemi in fitar mata da cikakkun sunayen ɗalibai, za a buga katin shaida. Teburin sunayen yana kan MySQL, manhajar da ke riƙe da rumbun bayanan, an kuma raba sunan gida uku: suna, sunan_uba, sunan_kaka. Na ɗauka aikin minti biyar ne. Na rubuta umarnin da ke haɗa rubutu wuri guda, CONCAT(suna, ' ', sunan_uba, ' ', sunan_kaka), na leƙa layi goman farko, na ga komai daidai, na tura wa mai buga kati.

Da yamma sai ga kiran shugabar makaranta. "Malam, katunan nan wasu hoto ne kawai, babu suna." Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin makaranta ne ya tafi, yara kuma suna jira.

Da na koma kan teburin sai na gano inda gizo ke saƙar. Ɗalibai da yawa suna biyu kawai aka rubuta musu, gurbin kaka kuwa NULL ne, wato ba a san abin da ke ciki ba. A MySQL, in dai ɗaya daga cikin abubuwan da ka bai wa CONCAT ya kasance NULL, to duk sakamakon NULL ne. Layi goman da na duba duk masu suna uku ne.

CONCAT_WS ne ya cece ni. Da farko za ka faɗa masa abin da zai raba sunayen da shi, shi kuma ya tsallake duk wani NULL: CONCAT_WS(' ', suna, sunan_uba, sunan_kaka). Sai dai ba ya tsallake gurbin da aka bari fanko. Bayanan da aka kwaso daga Excel cike suke da irin wannan, har da waɗanda magatakarda ya danna tazara ya wuce, don haka sunaye suka riƙa fitowa da tazarar banza a ƙarshe. Dole na naɗe gurbin da NULLIF(TRIM(sunan_kaka), ''), wanda ke share tazarar ya kuma mayar da fanko NULL, kafin ya daidaita.

A kula, kowane rumbu da halinsa. PostgreSQL da SQLite da Oracle suna haɗa rubutu da ||, amma MySQL in ba a canza masa saiti ba yana ɗaukar wannan alamar a matsayin OR, wato "ko". SQL Server da + yake haɗawa, CONCAT_WS kuma sai a fitowar 2017 ya samu.

Bayan mako guda aka nemi sunayen kowane aji a layi ɗaya. Na yi amfani da GROUP_CONCAT, mai tattara sunaye daga layuka da yawa zuwa layi ɗaya, sai na ga jerin ya yanke a tsakiyar sunan wata yarinya. Iyakarsa bait 1024 ce (bait shi ne ma'aunin girman rubutu a kwamfuta), gargaɗi kawai yake bayarwa, bai tsayar da aikin ba. Haruffanmu ƙ da ɗ da ɓ kuma kowanne bait biyu yake ci a UTF-8, tsarin da ake ajiye haruffa da shi. Na ɗaga group_concat_max_len, saitin da ke riƙe da wannan iyaka, na ƙirga sunayen da COUNT, na gwada da rajistar malamin aji kafin na tura.