Bangon mujalla ya canza, almakashi bai canza ba

Ni mai yankan kaya ce. Aikina in auna mutum in fitar masa da riga daga yadi, shi ya sa idan aka ce manyan kamfanonin tufafi na duniya sun rungumi kowane irin jiki, ɗinkin nake fara dubawa kafin hoton talla.

Ba na raina abin da aka samu. Sai a 1974 baƙar mace ta fara hawa bangon mujallar Vogue ta Amurka, wato Beverly Johnson. A 2016 Ashley Graham, mace mai jiki, ta fito a bangon mujallar wasanni ta Sports Illustrated. A 2017 Rihanna ta fitar da hodar Fenty kala 40, sauran kamfanoni suka bi sahu, domin sun ga kuɗin da suka daɗe suna bari a hannun mata masu duhun fata. Yarinyar da ta ga mai kama da ita a talla ta samu wani abu, kuma ina taya ta murna.

Amma ga yadda aikin yake a ciki. Babban gidan ɗinki samfuri ɗaya yake yi wa kowace sabuwar riga, a ƙaramin awo, lamba 0 zuwa 4 a lissafin Amurka. Shi za a saka a baje kolin Faris ko Milan, shi za a aika wa mujallu. To tunda rigar ta riga ta wanzu, sai a nemo macen da za ta shige ta. Wannan matsin ya ci rayuka. A 2006 Luisel Ramos 'yar Uruguwai ta faɗi ta rasu bayan ta sauko daga dandalin baje koli, watanni kaɗan bayan haka Ana Carolina Reston 'yar Birazil ta bi ta, dukansu da cutar ƙin cin abinci. A shekarar ne Madrid ta hana masu tsananin rama hawa dandali. Faransa ta yi doka a 2015 cewa sai da takardar likita, daga 2017 kuma dole a rubuta a jikin hoton talla idan an rage ko an ƙara jikin mutum da kwamfuta. Duk da haka, ƙidayar da Vogue Business, shafin labaran kasuwancin tufafi, ke yi a 'yan shekarun nan tana nuna kayan da masu ƙiba ke sakawa a manyan baje koli ba sa kai kashi 1 cikin 100.

Abin da ya fi ci mini rai yana wajen yanka. Kamfanoni da yawa suna zana riga a kan siririn jiki, sannan su yi ta ƙara inci ko'ina har su kai babban awo. Jikin ɗan Adam ba haka yake girma ba. Ƙirji da ƙugu da damtse suna ƙaruwa sosai, faɗin kafaɗa da tsawon hannu kuwa kaɗan suke motsawa. Sai ka ga kafaɗar riga ta zubo, hammata ta matse, gaba ya ɗage sama. Mace ta tsaya gaban madubi tana zargin jikinta, alhali zanen ne bai dace ba. Gyaran sananne ne: a yi zane na biyu, a gwada shi a jikin mai ƙiba na gaske. Kuɗin ne ba a son kashewa.

Halima Aden ta gamu da irin wannan ta wata fuskar. An yi ta shelar ita ce mai tallan kaya sanye da hijabi, amma ta ce har wandon jins an taɓa ɗora mata a ka a madadinsa. A 2020 ta ajiye aikin. An gayyace ta, ba a tanadi kayanta ba.

Haka mai zama a keken guragu. Wandonsa yana bukatar baya mai tsawo, gaba gajere, ba aljihun baya ko kaurin ɗinki da zai ji masa ciwo. Wanda yatsunsa ba sa riƙe maɓalli yana bukatar maganaɗisu. Kamfanin tufafi na Tommy Hilfiger ya fara irin waɗannan kaya ga yara a 2016, ya ƙara da na manya a 2017, kuma har yau kamfanonin da ke yin su 'yan kaɗan ne.