Ranar da na goge aikin abokin aikina daga babban reshe

Makon jiya, muna zaune mu uku a ƙaramin ofishinmu da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maradi, muna haɗa manhajar lissafin kaya ta wani ɗan kasuwar wake, sai na lura cewa na tura gyara mai kuskure zuwa babban reshen da dukanmu muke aiki a kansa a Git, wato manhajar da ke ajiye tarihin duk gyaran da muka yi, inda kowane layin aiki ake kiransa reshe. Cikin gaggawa na koma baya da git reset, umarnin da ke cire gyare-gyaren ƙarshe daga tarihin reshe, na tura da --force, wanda ke tilasta danne abin da ke babban reshen da nawa, ashe ƙaraminmu ya riga ya ɗora aikin kwana biyu a bayan nawa. Ya ɗago kai daga kwamfutarsa, shayinsa na hucewa a gefe, ya ce: "Yaya, ina aikina ya shiga?" Gabana ya faɗi.

Allah ya taimake mu, git reflog, umarnin da ke jero matakan da reshe ya bi a baya, a kwamfutarsa ya nuna mana inda aikin ya tsaya, muka maido da shi kafin magariba.

Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne git revert, domin wannan umarnin yana ƙirƙirar sabon ajiya ne wanda yake warware kuskuren, ya bar tarihin kamar yadda kowa ya san shi, har wanda zai zo daga baya ya ga abin da ya ɓaci da ranar da aka gyara shi. A ganina git reset na reshen mutum ne shi kaɗai, kafin ya tura wa kowa.

Washegari da safe muka kulle babban reshen, ta yadda babu mai iya tilasta turi a kansa, kuma kowane gyara sai ɗayanmu ya duba shi kafin a haɗe.