Kofin da aka karɓe mana da abin da na tsinta a tarihin Lincoln Phillips

Shekara ta tara kenan ina riƙe da ƙungiyar ƙwallon maza ta kwalejin da nake koyarwa, kuma har gobe in aka tambaye ni ranar da ta fi min ciwo a aikin nan ba ranar da aka lallasa mu zan ce ba, ranar da muka ci kofi ce aka dawo bayan sati biyu aka ce mu maido. Wai an shigar da ƙorafi kan yaro ɗaya, mai tsaron bayanmu, cewa bai kammala rijistar zangon ba lokacin da ya buga. Kuma gaskiya ne bai kammala ba, kuɗin makaranta ne ya tsaya masa, ni kuma ban bincika ba don na san shi, kullum ina ganinsa a aji. Ni da hannuna na sa kofin a bayan mota na mayar, yaran suna tsaye bakin fili ba wanda ya ce uffan.

A kwanakin nan ne wani dattijo da ya yi karatu a Amurka, abokin aikinmu da ya kusa ritaya, ya same ni a ofis na haɗa kai da gwiwa ya ce, "Malam, ka san Lincoln Phillips?" Na ce a'a Baba. Ya ce to je ka nemi labarinsa tukuna kafin ka rubuta takardar ajiye aikin da na ji kana shirin rubutawa.

Phillips mutumin Tirinidad ne, gola ne, ya tsare wa ƙasarsa raga har suka ci tagulla a wasannin nahiyar Amurka na 1967, daga nan ya wuce Amurka buga ƙwallo, ya zama kocin jami'ar Howard da ke Washinton, jami'ar da tun asali ta baƙaƙen fata ce. 'Yan wasansa kusan duk baƙi ne, 'yan tsibiran Karebiyan da 'yan Afirka har da 'yan Najeriya. A lokacin kuwa jami'ar Saint Louis ce sarauniya, daga 1959 zuwa 1970 sau takwas tana ɗaukar kofin jami'o'i na NCAA, wato hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka. A 1971 Howard ta haɗu da su a wasan ƙarshe a Miami ta doke su 3-2, ta zama jami'ar baƙaƙe ta farko da ta ci kofin ƙasa a babban rukunin hukumar. Sai hukumar ta buɗe bincike ta ce wasu 'yan wasan ba su cika sharuɗɗan shiga gasa ba, aka soke kofin, aka kuma hana su shiga gasar 1973.

Da na kai nan sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don kamar labarina ake ba ni, sai dai nasa ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba, shi akwai batun launin fata a ciki, mutane da yawa har yau suna ganin da ba baƙaƙe ne suka ci ba da ba a tono ba. Jami'ar ma ta kai ƙara kotu, kotu ta ce dokar da ta shafi ɗalibai 'yan ƙasashen waje akwai nuna bambanci a cikinta, amma ta bar sauran dokokin, kofin dai bai dawo ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne 1974. Phillips ya sake haɗa ƙungiya, suka buga wasa 19 suka ci 19, ba canjaras ba faɗuwa, wasan ƙarshe kuma da wa? Da Saint Louis ɗin dai, a garinsu, aka yi ta ƙarin lokaci har kashi huɗu kafin Howard ta ci 2-1. Wannan kofin ba wanda ya iya taɓa shi. Ni a fahimtata ba zafin rama gayya kaɗai ya kai su ba, zafin kowa yana da shi, mu ma muna da shi, mutumin ya gane cewa in ana neman ka da laifi to kar ka bar ko kafar allura, kuma ya iya riƙe matasa shekara guda cur suna atisaye alhali sun san ba inda za su je a shekarar. Wanda bai taɓa horar da ɗan shekara 20 ba ba zai san wuyar wannan ba, yaro in ba gasa a gabansa ko ruwa aka ɗan yayyafa ba zai zo fili ba.

To ban ajiye aikin ba. Abin da na fara yi na sayi fayil guda talatin a kasuwa, kowane ɗan wasa da nasa, takardar shiga makaranta, rasit ɗin rijista na zangon da ake ciki, kwafin katin shaida, sakamakon jarabawa. Duk ranar Litinin ta farkon zango ni da kaina nake zuwa ofishin rijistara in zauna a benci in jira a buga min hatimi a jerin sunayen, wani lokacin awa uku, har ma'aikatan suka saba da ni suna ganina za su ce Koc ya zo da yaransa na takarda. Da ina ganin wannan ba aikin koci ba ne, nawa usur da allo da jera 'yan wasa, ashe rabin aikin a wancan bencin yake.

Na kuma daina ɗaukar sojan haya kwata-kwata, duk da a gasar makarantu kowa ya san ana yi, a ɗauko yaro daga kulob ɗin gari a manna masa hoto a katin wani. An sha kawo min, har da wani ɗan gaba da wallahi in ka ga yadda yake juya ƙwallo sai ranka ya biya, na ce a'a. Mun yi asarar wasanni saboda haka kuma na sha surutu.

Shi kuwa yaron da aka karɓe kofi saboda shi ya daina zuwa, ko a hanya ya hango ni sai ya canza layi. Na bi shi har ɗakin da yake haya a bayan makaranta, na same shi yana dafa taliya a risho, ya miƙe a rikice yana cewa Malam don Allah ka yafe min ni na jawo. Na ce masa kai ba ka da kuɗi ne, ni ne ban duba ba, sa takalminka mu tafi. Daga ranar muka buɗe asusu, kowa ya sa abin da ya samu duk wata, malamai biyu ma suna sakawa, in rijista ta tsaya wa wani a cike masa. Shi ne yake riƙe littafin asusun har ya gama makaranta, yanzu ƙaninsa ne ke buga mana lamba huɗu, fayil ɗinsa na nan a durowata na biyu daga sama.