Ɗigon leza a filin ƙwallo

Laraba, tsakiyar bazara.

Tun bayan sallar asuba ni da abokin aikina muka kafa na'urar leza, mai harba siririn haske, a gefen filin ƙwallo don auna hargitsin iska, muka ajiye farin allo da kyamara a can ɗaya gefen. Lezar ta iskar gas ɗin heliyam da niyon ce, mai jan haske, kuma sai da muka cusa allon cikin babban kwali kafin ɗigon ya fito sosai, domin hasken rana yana dusashe shi.

Da rana ta take, ƙasa ta ɗauki zafi, sai ɗigon ya kama rawa. Yakan kauce hagu ya dawo dama, ya buɗe ya tsuke, wani lokaci ya tarwatse gida-gida kamar garwashin da aka hura. Na daɗe a tsugune ina kallonsa, domin dalilin abin ƙanƙani ne ƙwarai: ƙasa tana ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta tashi ta cakuɗe da mai sanyi, kuma bambancin digiri ɗaya kacal yana sauya yadda iska ke karya haske da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. A doguwar tafiya sai ƙananan karkacewar nan su taru su zama abin da ido ke gani, irin kawalwalniyar da ke wasa a kan kwalta da ƙyaftawar taurari da dare.

Kwamfuta tana bin tsakiyar ɗigon a kowane hoto, daga nan muke fitar da adadin Cn², ma'aunin ƙarfin hargitsin iska, wanda tushen lissafinsa yake komawa ga aikin da Kolmogorov, masanin lissafi ɗan Rasha, ya yi a 1941. Abin da ya sosa mini rai shi ne bayanan awa guda da muka zubar, saboda ƙafar na'urar tana kan rairayi, iska tana girgiza ta, har muka kasa rabe rawar ƙarfe da rawar haske. Mun danne ta da duwatsu.

Gab da faɗuwar rana, lokacin da zafin ƙasa da na iska suka yi kunnen doki, ɗigon ya nutsu, ya tsaya cak a zagaye har na kira abokina ya zo ya gani. Irin wannan nutsuwa tana zuwa da safe ma bayan fitowar rana, amma yau ta wuce muna fama da saiti. Gobe za mu kammala saitin tun da duhu.