Jambiani, Inda Mata Ke Farautar Pweza Idan Teku Ya Janye

Harkar kanumfari ce ta kai maigidana Zanzibar, ni kuma na ce ƙafata ƙafarsa. Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, kafin jirgi ya sauke mu a tsibirin Unguja, wanda shi ne babba a tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Masaukinmu na farko yana cikin tsohon gari, mai lunguna matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000.

Da magariba ta wuce sai kowa ya nufi Forodhani, wani fili a bakin teku inda masu gashi ke jera teburansu. A nan na fara ganin abin. Wasu dogayen hannuwa ne jajaye a nannaɗe a kan tire, kowanne da 'yan ƙoƙuna a jere daga gindi har tsini. Na tambayi mai gashin, ya ce pweza ke nan. Ya ɗaga ɗaya cikakke ya nuna mini: kai kamar jaka, idanu biyu, hannuwa takwas, babu ƙaya, babu ɓawo, babu ƙashi ko ɗaya. A daren ban ci ba, amma raina ya biya in gan shi da rai.

Matar da ke kula da masaukinmu ta ce idan da gaske nake, in tafi gabas, Jambiani, kuma in duba wata kafin in tashi. Teku yana janyewa sosai ne a lokacin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wajen sha huɗu zuwa sha biyar. Wannan lokaci suke kira bamvua, kuma a cikinsa ne mata ke iya takawa da ƙafa har inda pweza yake. Muka yi sa'a wata ya kusa raba tsakiya. Maigida ya ci gaba da cinikinsa, ni kuma na shiga daladala, motar hayarsu, tare da 'yar matar nan wadda ta yarda ta zama tafintata.

Hanyar ta ratsa dajin Jozani. Direba ya rage gudu saboda wasu birai masu jan baya da farin gashi a kai, waɗanda babu irinsu a ko'ina a duniya sai Zanzibar. Suna zaune a kan rassa suna cin ganye, ko kallon motar ba su yi ba. Daga nan sai Paje, sai muka karya kudu muka bi gaɓa har Jambiani.

Washegari da hantsi teku ya tafi. Inda jiya da yamma ruwa ke dukan katangar gidaje ya zama fili fari fat, kwale-kwale suna kwance a kan yashi, ruwan kuwa sai can nesa ake hango farin kumfarsa. Mata suka fito da zannuwansu na kanga, wasu suka nufi gonakinsu na ciyawar teku da suke kira mwani, wadda aka fara nomawa a wannan gaɓa wajen 1989, wasu kuma suka wuce gaba riƙe da sanda da siririn ƙarfe. Tafintata ta kai ni wurin wata dattijuwa ƙanwar kakarta. Na rusuna na ce mata shikamoo, yadda ake gaida manya a can, ta amsa da marahaba, ta dubi ƙafata ta sa aka kawo mini takalmin roba, saboda akwai wasu halittu baƙaƙe masu dogayen ƙayoyi da ke laɓe tsakanin duwatsu.

Mun yi tafiya mai nisa cikin ruwa iya ƙauri. Ni ban ga komai ba sai duwatsun murjani da ciyayi. Ita kuwa Mama idonta na ƙasa, ba ta magana. Can sai ta tsaya, ta nuna mini wani ƙaramin rami da tsinin sandarta. A bakinsa akwai ɓawon ƙaguwa da na katantanwar teku a tare wuri guda, da 'yan tsakuwoyi da aka jera. Ta ce wannan sharar gidansa ce: idan ya ci abincinsa a ciki sai ya turo ɓawon waje, kuma yana jawo duwatsu ya toshe ƙofa. Ɓawon da yake sabo, mai tsabta, shi ke nuna mai gidan yana nan.

Ta durƙusa ta zura ƙarfen a hankali tana motsa shi. Sai ga siririn hannu ya fito ya nannaɗe ƙarfen, wani ya biyo baya ya kama wuyan hannunta. Ba ta fizga ba, ta bar shi ya ƙara fitowa, sannan ta cafko shi. Nan take ruwan ya yi baƙi ƙirin da tawadar da ya fesa. Da ta ɗaga shi sai na ga abin da har yau nake ba mutane labari: jikinsa ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma fari, ya koma ja mai duhu, wasu ratsi-ratsi suna gudu a kan fatar, duk cikin ƙiftawar ido. Fatar ma kanta ta yi ƙuraje-ƙuraje irin na dutsen da aka ciro shi, sannan ta koma sumul. Na ce Subhanallahi ban san na faɗa da ƙarfi ba.

Mama ta ce, "'Yata, miƙo hannunki." Na miƙa. Hannu ɗaya ya hau kan nawa, sanyi ƙalau, 'yan ƙoƙunan nan suka manne ɗaya bayan ɗaya suna ja kamar ƙahon wanzami, da ta ɓamɓare shi kuwa sai ga zagayen tabo ja a fatata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a lokacin da nake jin taɓinsa, shi ɗanɗana ni yake yi, domin ƙoƙunan nan suna jin ɗanɗanon duk abin da suka taɓa. Masana sun ƙiyasta ƙwayoyin jijiyarsa sun kai miliyan 500, kuma kusan kashi biyu cikin uku suna cikin hannuwan ne, ba cikin kai ba. Shi ya sa kowane hannu ke laluben nasa ramin kamar yana da nasa tunanin. Zuciyarsa uku ce, biyu suna tura jini zuwa inda yake shaƙar iska daga ruwa, ɗaya tana kai wa sauran jiki. Jinin kuma shuɗi ne, saboda sinadarin jan ƙarfe ne ke ɗaukar iska a cikinsa. Abu ɗaya tak mai tauri a jikinsa shi ne bakinsa, irin na aku, wanda Mama ta buɗe tsakiyar hannuwan ta nuna mini. Duk kafar da bakin nan zai shiga, to sauran jikin ma zai bi.

Wannan da ta kama ƙarami ne, sai ta mayar da shi. Ya tattara hannuwansa, ya feso ruwa ta wani bututu da ke gefen kansa, ya harba da baya ya ɓace. Na tambaye ta dalili, ta ce pweza yana girma da sauri, wanda ka saki yau idan ka dawo bayan wata biyu ya ninka nauyi, kuma da kilo ake saye. Gaba kaɗan ta sami babba, ta soke shi tsakanin idanu ya mutu nan take, ta zura shi a igiya.

Akwai ramin da ta leƙa ta wuce, ta ce mace ce a kan ƙwai. Macen pweza tana rataya dubban ƙwai a rufin raminta, ta zauna tana fesa musu ruwa tana share su, ba ta fita neman abinci, kuma da zarar sun ƙyanƙyashe sai ta mutu. Irin na wannan gaɓa gaba ɗaya rayuwarsa ba ta cika wuce shekara guda da 'yan watanni ba. A zurfin tekun Kalifoniya ta Amurka masu bincike sun bi wata uwa da ta yi wata 53 tana gadin ƙwanta. Na daɗe ina tsaye a bakin ramin nan. Halitta mai wayon da za ta iya buɗe murfin kwalba, amma ba ta taɓa ganin uwarta ba, babu wanda ya koya mata komai.

Ruwa ya fara dawowa, kuma idan ya taso ba ya jira, sai muka juyo. A bakin gaɓa masu saye suna tsaye da sikeli. Wanda Mama ta ajiye na gida sai ta ba jikanta ya yi ta maka shi a kan yashi don naman ya yi laushi. Da rana aka dafa shi da madarar kwakwa, aka kawo da shinkafa. Mutanen Zanzibar yawancinsu Shafi'iyya ne, mu kuma Malikiyya, kuma duka mazhabobin biyu sun halatta abin da ke rayuwa cikin teku. Na yi bismillah na ci. Naman fari ne, yana da ɗan danƙo, ba shi da ƙarni, kuma na ƙara.

Muna cikin ci mijin 'yarta ya shigo da ngisi, ɗan'uwan pweza mai dogon jiki, wanda maza ke kamawa daga cikin kwale-kwale. Shi hannuwa takwas gare shi da ƙarin wasu dogaye biyu da yake harbawa ya cafko kifi. Ya tsaga bayansa ya zaro wani siririn abu garai-garai, ya ce wannan ne kaɗai abin da ke riƙe jikinsa. A danginsa ne ake samun ƙattin da ke zurfin teku, masu tsawon da ya haura mita goma, waɗanda sai a 2012 aka fara ɗaukar bidiyonsu a mazauninsu, kusa da tsibiran Ogasawara na Japan.

Hira ta koma kan ƙarancin kamu. Mama ta ce a ƙuruciyarta ba sai ta yi nisa ba take cika igiya, yanzu kuwa otal-otal da masu fitarwa waje suna saye, maza kuma suna nutso su kwaso daga zurfin da mata ba sa kaiwa. Surukin nata ya kawo maganar rufe wani yanki na gaɓa na wata biyu ko uku, a bar pweza ya girma, sannan a buɗe rana guda kowa ya shiga. Wani ƙauye mai suna Andavadoaka a Madagaska ne ya gwada hakan a 2004, daga baya ƙauyuka a tsibirin Pemba suka ɗauka. Mama ba ta ƙi ba, amma ta ce sharaɗinta ɗaya: ranar buɗewa a tsayar da ita lokacin bamvua, kuma a bar mata su fara shiga kafin masu nutso. Na ga gaskiyarta ƙwarai, domin ita ce na gani da idona ta saki ƙarami, ta kuma tsallake mai ƙwai alhali babu mai gadin da ke kallonta.

Da la'asar ta raka mu bakin titi, ta sa aka ƙunsa mini busasshen pweza in kai wa maigida, muka tari daladalar da za ta mayar da mu gari.